Dodonmu Ba Ya Kwana a Akwatin Gawa

Yaron garin Toranke na yau zai iya zana maka Tom da Jerry da tsinke a ƙasa, amma ka ce ya zana Gizo sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne. Tun 1940 ake zana kyanwar nan ta Amurka da ɓeranta, ga su a wayar yayansa, ga su a jikin jakar makaranta, ga su a cikin fina-finan da ake turawa a shagon mai caji. Gizo kuwa har yau ba shi da fuskar da aka yi ittifaƙi a kanta. A wurin wani, ƙwaro ne mai ƙafa takwas. A wurin wani kuma ɗan siririn mutum ne mai tsamin baki da tsumman riga, wanda yunwa ba ta barinsa ya runtsa. Haka Ƙoƙi, haka Dodo. Kowane yaro da nasa Dodon, gwargwadon abin da ya fi tsoro.

Wannan giɓi ya kusa cikewa, kuma yadda za a cike shi ne ya dame ni.

Akwai wani yayi da ya daɗe yana yawo a intanet. Masu zane sukan ɗauki 'yan katun ɗin da duniya ta sani, su sake musu kama: fuska ta koɗe, idanu su faɗa a zagaye su da baƙi, gaɓoɓi su miƙe su rame, a bayansu ga hasumiyar dutse, ga busasshiyar bishiya, ga jemagu suna gilmawa ta gaban wata. Salon Gotik ake ce masa. Jeffrey Thomas, wani mai zane ɗan Amurka, ya yi suna ne da jerin hotunan da ya mayar da gimbiyoyin Disney abin gudu, masu zaƙo-zaƙon farata da kallon mugunta. Andrew Tarusov, haifaffen Rasha, ya sake zana su Snow White da Pinocchio da Bambi kamar a ce daga hannun mai shirya fim Tim Burton suka fito. A da, sai mai baiwar hannu ke iya wannan. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka zo, duk matashin da ke da data a Gaya ko Wudil, layi biyu zai rubuta hoto ya fito masa kafin shayinsa ya huce. Na ga irin abin da ke fitowa in aka ce a zana namu a wannan salo. Dodo sanye da baƙar alkyabba mai tsayayyen wuya irin ta Dirakula, yana tsaye a maƙabarta mai duwatsun kabari da gicciye. Ƙoƙi cikin rigar amaren Turai, riƙe da kyandir. Ban da suna, babu abin da yake namu a ciki.

Ba na cikin masu cewa a hana. Ni ra'ayina a zana su Gizo da duhu, domin cikin duhu aka haife su, kuma duk wanda ya zana Dodo yana murmushi da kumatu ya yi wa yara ƙarya. Amma duhun ya zama namu.

Ya kamata a san inda wancan duhun ya samo asali. Tun farko Gotik sunan salon gini ne, wanda ya tsiro a Faransa wajen shekarar 1140 a majami'ar Saint-Denis da ke kusa da Paris: dogayen bakuna masu tsini, manyan tagogi masu gilashi kala-kala. Wani abin dariya, maginan nan haske suke nema, ba duhu ba. Sai bayan ɗaruruwan shekaru, da wasu manyan gidajen ibadar Ingila na da suka zama kangwaye, marubuta suka mai da su matattarar tsoro. Horace Walpole ya buɗe ƙofar a 1764 da littafinsa The Castle of Otranto, Mary Shelley ta kawo Frankenstein a 1818, Bram Stoker ya kawo Dracula a 1897. Daga nan masu fim na Jamus suka karɓa, musamman a The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, inda aka karkata bango aka kuma shafa inuwa da fenti. Abin da Burton ya gada ke nan. To ka ga kowane kaya a cikin hoton yana da saiwa. Fadar dutse tana tuna wa Bature zaluncin iyayen ƙasa da asirin gidajen gado. Akwatin gawa da dutsen kabari, haka suke binne nasu. Gicciye addininsu ne, raɓa da sanyi yanayin ƙasarsu ne. In ya gani tsigar jikinsa ta tashi, gado ne ya motsa.

Mu fa? A Ajingi in da hali gawa ba ta kwana. Likkafani ne, makara ce, a sallata a kai. Kabari tudun ƙasa ne, a ɗora ƙaya don kare, in an yi yawa a kafa ɗan allon ƙarfe. Jemage kuwa ɓarawon mangwaro ne, yara na bin sa da danƙo. Ka ɗauki waɗannan kaya ka jibga wa Dodo, ba ka ƙara masa kwarjini ba, ka mai da shi ɗan wasan kwaikwayo. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa salon ke aiki a can, wanda ya fi muhimmanci a gare mu. Ramuwa ce. Labaran da Disney ya yi arziki da su ba haka suke a asali ba. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fara buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812. A tasu Cinderella, 'ya'yan matar uba yanke yatsa da dunduniya suka yi don takalmi ya shiga, jini ne ya tona su, kuma a bugun da suka gyara daga baya tattabaru suka ƙwaƙule musu idanu ranar biki. A tasu Snow White, an sa wa muguwar sarauniya takalman ƙarfe da aka gasa a wuta, ta yi ta rawa har ta faɗi matacciya. 'Yar ruwan Hans Christian Andersen ta 1837 yanke mata harshe aka yi, duk takun da ta yi kamar a kan wuƙa, ƙarshe ɗan sarkin ya auri wata. Disney ya wanke duk wannan tas: Snow White a 1937, Cinderella a 1950, 'yar ruwa a 1989, kowacce da waƙa da aure da dariya. Shi kansa Burton a Disney ya fara aiki. Ya yi gajeren fim ɗinsa Frankenweenie a 1984, labarin yaron da ya tayar da mataccen karensa, kamfanin ya ga abin ya yi wa yara nauyi, suka rabu. Da duniya ta nuna tana son irin wannan, kamfanin nan dai shi ya ɗauki nauyin sake fim ɗin a 2012. Ɗan kasuwa ba ya gaba da riba.

Saboda haka mai zanen da ya baƙanta fuskar Cinderella yana mayar mata da abin da aka ƙwace ne. Kuma hotonsa ba ya tasiri sai don mai kallo ya riga ya haddace fuskar nan mai zaƙi. Karon da ke tsakanin biyun shi ne daɗin abin. Mu ba mu da fuskar farko da za a yi karo da ita. Wanda ya zana Gizo yau hoton ya bazu, ba sake masa kama ya yi ba, shi ne ya raɗa masa kama. Fuskar farko kuwa ita ke zama. Yaran da za su gan ta da ita za su girma, da ita za su ba nasu 'ya'yan labari. Wannan ne ya sa nake ganin wasan da Bature ke yi don nishaɗi, a wurinmu ba wasa ba ne.

Wanda ke shakkar cewa tatsuniyarmu tana da duhun da zai ishi mai zane, ya manta abin da aka gaya masa a tsakar gida. Mu tuna labarin 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a Ruwan Bagaja. Bayan ta wuce koguna iri-iri, sai ta isa wata bukka ta yi sallama, ta tarar da cinya da kare. Cinyar mutum, ita kaɗai, ba gangar jiki, ba kai. Cinya ta yi gurnani, kare ya fassara. Ina ƙalubalantar duk wani ɗakin zane na Amurka ya kawo hoton da ya fi wannan rikita tunani. Kuma abin da ke sa shi kama zuciya shi ne yarinyar ba ta yi ihu ba, ba ta yi dariya ba, ta gaishe su da ladabi ta yi aikin da aka sa ta. Ga Ta-Kitse, amaryar sarki da aka yi da kitsen sa, wadda kishiyoyi suka matsa mata sai ta yi aiki a bakin wuta, ta narke tana malala a ƙasa. Ga tsohuwar da ke bakin rafi a labarin Daskin-da-Riɗi, wadda 'yan mata suka ƙi cuɗa wa baya, da auta ta cuɗa sai bayan ya ɓurma. Ga budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta samu santalelen saurayi, suna tafiya gidansa yana mayar da kayan da ya aro ɗaya bayan ɗaya, har ya koma ainihin abin da yake. Ga Dodon da ya haɗiye gari guda da shanunsa, sai da aka farke cikinsa jama'a suka fito.

Shi kansa Gizo, da ake son mayarwa ɗan barkwancin yara, a duba aikinsa da kyau. Hankaki sun ara masa fukafukai ya ci amanarsu a kan ɓaure. Kada ya sauke shi a gidansa, ya bi ƙwan mai masaukin yana gasawa yana ci, in an zo ƙirga sai ya yi ta juya wanda ya rage. Yana sayar da aboki a kan loma ɗaya, yana cin abinci a ɓoye iyalinsa na kwana da yunwa. Dariyar da muke yi masa ba ta rasa nasaba da fari da yunwar da ƙasar nan ta sha, lokutan da rumbu kan ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Gizon gaskiya ramamme ne, idanunsa na kan tukunyar wani. In mai zane ya ba shi dogayen gaɓoɓi da faɗaɗɗun idanu, bai ari komai daga Burton ba, yunwa ya zana.

Sai dai ba a nan aikin ya fi wuya ba. Abin da manhaja ba ta sani ba, kuma mai zanen da ya koyi sana'arsa daga hotunan intanet kaɗai ba zai sani ba, shi ne tsoron Bahaushe ba duka ne ke zuwa da dare ba. Wace uwa ce a ƙasar Gaya take barin ɗanta ya je gindin tsamiya da rana tsaka? Lokacin nan da inuwa ke taƙurewa ƙarƙashin ƙafa, gari ya yi tsit, ko akuya ta nemi gindin katanga, sai ga guguwa ta taso daga fako tana juya kara da leda, manya na neman tsari. Wannan tsoro ne cikin farin haske, kuma babu shi a kundin Gotik. Ga almuru, da ake kora yara ɗaki. Ga kan juji, ga tsohuwar rijiya da aka daina ja, ga kufai inda gari ya tashi ya bar kukoki tsaye. Ga hazon hunturu da ke mayar da rana farin faifai, mutum ya ɓullo daga cikinsa fari fat ba ka san ko wane ne ba sai ya yi sallama. Ita kuka da rani, ba ganye, rassa a sama kamar saiwoyi, ta fi duk wata bishiyar da na gani a zanen Turawa ban tsoro, kuma tana nan a bakin hanya ba ta buƙatar ƙari. Gawo ma da nasa abin al'ajabin: shi kaɗai ke tuɓe ganye da damina lokacin da kowa ke kore.

In gini ake so, muna da shi. Duk wanda ya shiga tsohon soro mai rufin baka daga hasken waje ya san yadda ido ke ɗaukar lokaci kafin ya gane wanda ke zaune a ƙurya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da azara da ƙasa ya ɗaga bakunansa, kuma masana gini daga ƙasashen waje har yau suna rubutu a kansa. Zaure bayan zaure, kowanne ya fi na gabansa duhu: mai zanen da ke neman inda zai ajiye asirin gidan sarauta ba sai ya je Turai ba. Mu kuma mutanen wannan yanki muna da wani abu na musamman. Tarihin baka ya ce maƙeran da suka fara zama gindin Dala neman tama daga Gaya suka tashi, shi ya sa ake ce wa zuriyarsu Abagayawa. Maƙera da dare, zugazugi na huci, jan ƙarfe na haska rabin fuskar maƙeri, sauran jikinsa ya ɓace: ga haske da inuwa an ba ka kyauta. Ban ga dalilin da zai sa jikan waɗannan mutane ya koma kyandir ba.

Kada a ɗauka ina ƙyamar aro. Abubakar Imam ya ara, kuma da yawa. Magana Jari Ce, da ya fara fitowa a 1937, shekarar da Snow White ta fito, cike yake da labaran da asalinsu na Larabawa ne da Indiyawa da Turawa, har da na su Grimm. Labarin Kalala da Kalalatu na da 'yar'uwa a Jamus, wata kuku da ta cinye kajin baƙo ta ce masa maigida kunnensa zai yanke. Amma wa ya taɓa karanta Kalalatu ya ji ƙanshin Jamus? Imam ƙashin labari ya ɗauka, ya bar musu tufafinsu. Haka Uche Okeke ya yi a Zariya. Yana ɗalibi a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka ce za su koyi dabarar Bature amma su zana da idon gida. Ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya fitar da dodannin tatsuniyoyinsu da alƙalami da tawada, daga baya ya buga su a littafi a 1971. A Nijar kuma ga Moustapha Alassane, wanda ya fara da wasan inuwa a bayan fitila tun yana yaro, ya zo ya yi katun ɗin kwaɗi Bon Voyage Sim a 1966 yana zolayar shugabanni, ya kuma yi fim ɗin Toula a kan budurwar da aka miƙa wa aljanin ruwa lokacin fari. Ya yi shekaru yana aiki a Tawa har ya rasu a 2015. Hanya dai an share ta. Abin ɗauka daga Gotik dabara ce: yadda ake jan layi ya karkace, yadda ake rage launi, yadda ake barin rabin abu a ɓoye. Jemagun su riƙe abinsu.

Na san akwai mai cewa duk wannan magana ba ta taso ba, tunda zanen mai rai abin gudu ne. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu sura sanannu ne, kuma ba ni ne zan yi fatawa ba. Abin da na sani shi ne malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, sun kuma sassauta a kan 'yar tsanar yara. Mai zane ya tambayi malaminsa. Amma ko wanda ya zaɓi tsantseni yana da ƙofa, kuma ƙofar ta fi dacewa da Dodo. Fim ɗin zane mai tsawo mafi daɗewa da ya rage a duniya, wanda Lotte Reiniger ta fitar a Jamus a 1926 daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, gaba ɗayansa inuwa ce, baƙaƙen siffofi da aka yanka da almakashi. Dodon da aka nuna inuwarsa a jikin danga, ko sawunsa a bakin kogi, ko numfashinsa yana kaɗa asabari, ya fi wanda aka ƙirga wa haƙora. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ba sa cika bayyana shi.

Damuwar iyaye kuma tana da hujja, ban raina ta ba. Tsoron tatsuniya yana zuwa da makarinsa. Ana yin ta ne cikin taro, jikin yaro na jikin kakarsa, in ya firgita ta sassauta murya, in ta ga ya yi yawa ta kawo waƙa, ƙarshe a ce ƙurunƙus kowa ya san an dawo gida. Har doka gare ta: ba a yi da rana sai an ɗaure Gizo. Waya ba ta san wannan ba. A 2017 sai da YouTube ya goge ɗimbin bidiyoyin da aka yi da fuskokin 'yan katun ana cusa musu ƙazanta da zubar da jini don yara su latsa. Da wa'adin haƙƙin mallakar littafin Winnie-the-Pooh ya ƙare a Amurka a 2022, shekara guda aka yi sai ga fim an mai da shi mai yankan mutane, kuma da na Mickey Mouse na farko ya ƙare ranar 1 ga Janairun 2024, kafin mako ya zagayo aka fara tallan irinsa. Wannan ba fasaha ba ce, neman kuɗi ne da sunan da wani ya gina. Hukumar tace fina-finai ta Kano, da aka kafa a 2001, ba za ta iya leƙa kowane katin waya ba. Wanda ya zana shi ya san wa ya yi wa, ya kuma kamata ya faɗa a bangon littafi ko farkon bidiyo.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Salon Gotik yana da wata tsohuwar ɗabi'a: mugu sai an ba shi nakasa. Ƙusumbi, tabo, karkataccen baki, tsohuwa mai dogon hanci da haƙori ɗaya. Tatsuniyarmu ma ba ta tsira ba. A ƙarshen labarin Ruwan Bagaja, sakayyar 'yar mowa ita ce ta koma gida a kan jaki, kutare da makafi na rakiya. Muna yara mun yi dariya. A baki, maganar takan wuce da iska. A hoto kuwa zama take yi, kuma za ta shiga hannun yaron da ke da makaho a gidansu, da yarinyar da shan inna ya taɓa wa ƙafa. Mai zanen da ya kwafi wannan wurin yadda yake, bai yi wa al'ada hidima ba.

Ta tsofaffi mata ta fi muni, don a nan maganar rai ce. A Turai mayya ta zama kayan wasan yara, sun daina ƙona mata tun ƙarnoni da suka wuce. A nan fa? A farkon 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a gonarta a 2023, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil, bisa zargin maita. Wudil maƙwabciyarmu ce. Kowa a yankin nan ya san yadda abin ke farawa: zazzaɓi ya yi zafi, mara lafiya ya ambaci suna cikin magagi, a ce an kama kurwa, a tafi a sa tsohuwa ta tsallaka. Yawanci wadda ba ta da ɗa namiji tsaye ce, wadda talauci ya ramar, ta saba magana ita kaɗai. To in muka cika wayoyin yara da hoton mayya, kuma hoton ya zama na tsohuwa ramammiya mai jan ido da ɗan kwandon goro, fuskar wa muka zana? Ta maƙwabciya ce.

Abin sha'awa, tatsuniyar da kanta ta fi mu hankali a nan. Tsohuwar bakin rafi, mai bayan da kowa ke ƙyama, ita ce mai alheri. Cinya da kare su ne suka yi wa 'yar bora arziki. Wanda ya zama abin gudu shi ne saurayin nan da ba shi da tabo ko ɗaya. Wato sau da yawa a wurinmu abin tsoro kyakkyawa ne, mai fara'a, mai sabuwar riga, abin ƙyama kuma shi ke riƙe da mabuɗi. Michel Ocelot ya gane irin wannan a katun ɗinsa Kirikou na 1998: mayya Karaba doguwa ce kyakkyawa mai ado, kuma muguntarta daga ƙayar da aka soka mata a gadon baya take. Mai zane Bahaushe da ya riƙe wannan zai fitar da abin da ya saɓa wa na kowa, domin ya juya ƙa'idar Gotik a kanta: ya ƙawata Dodo, ya bar tsohuwa da tamojinta da mutuncinta.

Sai dai kafin a kai ga alƙalami akwai aikin kunne. Manyan tarin tatsuniyoyinmu tsofaffi ne. Frank Edgar ya buga nasa littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, yawancinsu daga rubutun ajami na malamai maza, da dama daga ƙasar Sakkwato. R. S. Rattray ya fitar da nasa a 1913 daga alƙalamin Malam Shaihu a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 don 'yan makaranta, da harshen da ya dace da aji. Duk sun yi aikin da ba za a biya su ba. Amma tatsuniya sana'ar mata ce, kuma yadda tsohuwa ke faɗinta a ɗaki, da kwaikwayon murya da wuraren da malami zai ji nauyin rubutawa, kaɗan ne ya shiga takarda. Masu wannan ilimi suna nan a Toranke da Balare da Gafasa da Chula, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Wayar da ake tambayar manhaja da ita tana da wurin ɗaukar murya. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero da ɗaliban zane na Zariya za su iya haɗa hannu a kan wannan ba tare da jiran wani tallafi daga waje ba. Kuɗin mota ne da goro da haƙurin zama.

Kuma in littafi ko katun ya fito, sunan tsohuwar da ta ba da labari ya hau bango tare da na mai zane, a kuma kai mata rabonta tana da rai. Su Grimm sun samu labarai fiye da talatin daga bakin Dorothea Viehmann, matar wani tela da ke kawo kayan lambu kasuwar Kassel. Sun sa hotonta a bugu na biyu na littafinsu a 1819. Ta riga ta rasu tun 1815, cikin talauci.